Tsohon Turancin wasannin Shakespeare

Ɗaliba, Gombe: Malamai, don Allah mene ne bambancin "thou" da "you"? Yana rikita ni.

Malami, Azare: 'Yata, "thou" na mutum ɗaya ne, kamar "kai" ko "ke", ga aboki ko na ƙasa. "You" kamar "ku" ɗin girmamawa ne. Idan bafade ya ce wa sarki "thou", lura, yawanci raini ne ko fushi. "Thee" shi ne "thou" idan mutumin ne aikin ya faɗa wa.

Malama, Bauchi: Kalmomin da suka canza ma'ana sun fi kayar da ɗalibai. "Presently" a zamanin Shakespeare yana nufin nan take ne, "still" sau da yawa kullum. "Wherefore" kuwa don me, ba ina ba.

Malami, Kaltungo: "Hath" da "doth" su ne "has" da "does". Ki riƙa karantawa a bayyane.