Gefen harshe bai farfaɗo ba bayan allurar cire haƙori

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum. Fiye da mako guda ke nan da aka cire wa maigidana turmin haƙori na ƙasa a nan Maraɗi, kuma har yanzu gefen harshensa na dama a mace yake, ba ya jin ɗanɗanon abinci a wajen. Ya ce lokacin da allurar kashe zafi ta shiga, ya ji kamar wutar lantarki ta fizge shi. Shin allurar ce ba ta sake shi ba, ko kuwa jijiya ce ta taɓu?

Malam Habibu, ma'aikacin lafiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ƙarfin allura irin lidokayin ba ya wuce awa 3 zuwa 5 a harshe da leɓe, saboda haka abin da ya kai mako ba maganin ba ne ke aiki. Jijiyoyi biyu ne ke bi ta wurin da ake soka allurar a muƙamuƙin ƙasa: ɗaya tana kai ji ga leɓe da haɓa, ɗayar kuma ga harshe tare da ɗanɗano, kuma bayaninki ya fi nuna ta biyun. Bakin allura na iya gogar ta, ko jini ya taru ya danne ta, ko ta jimu a lokacin cirewar. Galibin masu wannan matsala suna warkewa cikin mako 8, amma kada ya zauna jira a gida. Ya koma wurin likitan a cikin makon nan domin a gwada iyakar wurin da ya mutu a rubuta, ta haka ne za a gane ko yana raguwa. Idan aka doshi wata 3 babu canji, a nemi takardar turawa zuwa likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, ko da sai an je Yamai, domin gyaran jijiya ba ya son jinkiri.

Inna Rabi:
'Yata, ki riƙa taɓa kunu da shayi kafin ki miƙa masa, domin zai iya ƙonewa ko ya ciji harshen bai sani ba. Kada kuma a bari a yi masa tsaga ko a gasa wurin.

Malam Habibu, ma'aikacin lafiya:
Gaskiyar Inna ce. Idan ya fara jin tsikari a harshen, sau da yawa alama ce ta farfaɗowar jijiya. Amma kumburin da ke ƙaruwa, zazzaɓi, ko wahalar haɗiya ba sa jiran ranar komawa, a kai shi asibiti nan take.