An ba ni Soshiyoloji maimakon karatun lauya, me zan gaya wa Baba?

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Karatun lauya na nema, jami'a ta ba ni Soshiyoloji, yau satinmu uku da fara lacca. Jiya bayan isha'i Baba ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Wai wannan abin da kake karantawa mene ne da Hausa?" Na ce ilimin zamantakewar al'umma. Ya ce zama da mutane ai a gida ake koyonsa, shi da ya shekara talatin yana sayar da yadi a Kantin Kwari ba a aji ya koya ba. Wallahi na rasa ta cewa, kuma abin ya tsaya mini a rai. Zuwa yanzu sunayen Turawan da suka kafa fannin kawai muke haddacewa: Comte, Durkheim, Weber. Waɗanda suka riga mu, don Allah ku fahimtar da ni.

Malam Na-Sabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Baba bai yi ƙarya ba, amma iya zama da mutane daban, gano abin da ke riƙe da zaman daban. Ka tambaye shi da ladabi: me ya sa yake ba mutumin wani gari dila guda bashi ba takarda, ya kuma kwana da hankali kwance? Irin wannan tambayar ce wani masani mai suna Abner Cohen ya bi a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya ga fatake na kawo shanu daga Arewa, a sayar wa mahautan Yarbawa bashi, maigidan da ya sauki baƙo shi ne ke tsaya masa, dillalansa sun san wanda ke biya da wanda ke cin amana. Goro kuma ya yi Arewa ta hannun mutanen nan. Ya nuna cewa riƙon da Hausawan Sabo suka yi wa al'adarsu da ɗariƙar Tijjaniyya yana cikin abin da ya tsare musu wannan ciniki. A Sabo aka haife ni, kakana yana cikin masu saukar baƙi, amma sai da na karanta wannan na gane gidanmu.

Abu Hafsa:
Ni abin da ke damuna shi ne a fara da Comte, don kawai shi ya raɗa wa fannin suna a ƙarni na 19. Ibn Khaldun fa? An haife shi a Tunis a 1332, ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377, ya kira fannin ilmul umran, wato ilimin zaman al'umma. Ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke kai mutanen karkara ga mulki, sannan daɗin birni ya sassauta jikokinsu har wasu su ture su. Ka ambata wa Baba wannan sunan, zai saurare ka.

Maman Hanifa:
Ɗana, kada ka raina Durkheim. A 1897 ya ɗauki batun mutum ya kashe kansa, abin da kowa ke gani matsalar mutum ɗaya ce, ya duba alƙaluman ƙasashen Turai, ya ga ya fi yawa a cikin Kiristoci 'yan Furotesta fiye da Katolika, da gwauraye fiye da magidanta. Ni da wannan idon na koma kallon mutuwar aure. A layinmu kaɗai zawarawa shida ne, kowace ana cewa rashin haƙurinta ne. Shida duk rashin haƙuri? Sai na fara tambayar shekarunsu ranar aure, kuɗin haya, da wanda ke ciyar da gidan. Yanzu aikina ke nan a sashen jin daɗin jama'a.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Na-Sabo, ɗazu na yi wa Baba tambayar bashin. Ya yi shiru, can ya ce ranar Asabar in biyo shi kasuwa da littafin rubutuna.