Bununi zai iya tona asirin kabarin da aka ɓoye a ƙasar Adar?

Malamin tsirrai: Ni na ce zai iya. Ɓawon ƙwayar bununi, wato garin da ke cikin furen tsirrai, ba ya ruɓewa da wuri, kuma kowane dangin tsiro da siffarsa. A Ostiriya, 1959, bununin da ke cikin lakar takalmin wani mutum ne ya kai masu bincike inda ya binne gawa a bakin kogin Danub. Bayan kisan kiyashin Srebrenica na 1995 a ƙasar Bosniya, bununi da ƙasa sun taimaka wajen nuna cewa an tone gawawwaki an sauya musu rami.

Mai binciken ƙasa: Malam, can ƙasar mai laima ce. Jigawar Tahoua fa? Rairayi ne, iska na ratsa shi, ya jiƙe da damina ya bushe da rani, haka ke cinye bununi. Gara ta hautsina sama da ƙasa. Hunturu kuma ya kwaso na wani gari ya zuba maka. Abin da ya saura yawanci na ciyawa ne, shi kuwa ƙwaya mai huda ɗaya ce, da wuya ka raba ƙarangiya da gamba.

Malamin tsirrai: To ai ba ciyawa za ka bi ba. Bi gawo da bagaruwa, waɗanda ƙwari ke ɗaukar bununinsu. A dunƙule yake, ba ya nisa da uwarsa. Idan lakar tafkin Tabalak da bununin tsiron ruwa suka bayyana a ramin tudu, wa ya kai su?

Hajiya ta ɗakin gwaji: Ku biyun kun tsallake ɗiba, nan aiki ke lalacewa. A ɗebi cikon rami daban, ƙasan gawa daban, sai santimita 1 zuwa 2 na saman ƙasa a wurare da dama kewaye, don kwatantawa. Kowane da cokalinsa mai tsabta da ledarsa. Mai danshi a busar a rufe ko a sa a sanyi, in ba haka ba ya yi fumfuna. Ana narkar da yashin da asid mai haɗari, a ƙirga ƙwaya 200 zuwa 300 a madubin likita. In 20 kaɗai ka samu, ba ka da abin faɗa wa alƙali.

Mai binciken ƙasa: Madalla, Hajiya. A fadama na yarda. A jigawa, jandarma su fara duba inda ƙasa ta lotsa ko launinta ya cakuɗe.

Malamin tsirrai: Wannan rami yake nunawa, ɗan'uwa, ba inda gawa ta fito ba.