Matsalar 'yan aiki a gonar shinkafar rani: laifin yaran zamani ne ko tsarin biya?

Mai Fadama, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da hekta 3 a fadamar Argungu da nake son yi wa shinkafar rani, da injin ban ruwa guda biyu. Aikin ofis ya riƙe ni a Birnin Kebbi, sai Asabar da Lahadi nake samun leƙawa. Iri da taki da kuɗin mai duk an tanada, abin da ya rage shi ne mutane. Masu dashe a yi magana da goma, ranar aiki a ga biyar. Mai ban ruwa ya karɓi kafin alƙalami, bayan sati biyu a ji ya tafi cirani. Duk dattijon da na yi wa maganar sai ya ce yaran yanzu ba su son wahala, sai waya da kabu-kabu. To ko haka ne ko ba haka ba, gona dai ba ta jira. Waɗanda suka san harkar, yaya ake tsara ta? Albashin wata ya fi, ko jinga, ko a ba mutum kaso a amfanin gona? Kuma ta yaya wanda ba ya kwana a gona zai gane an yi masa aiki ko an cuce shi?

Malam Na-Augie:

Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da raba aikin gida biyu, don ba irin mutum ɗaya ke yin su ba. Akwai aikin taro na 'yan kwanaki, wato cirar iri, dashe, cirar ciyawa, yanka da bugu. Akwai kuma aikin zama, ban ruwa da zuba taki da gadi da korar tsuntsu. Na farko jinga ake bayarwa. Na biyu mutum ɗaya tsayayye yake bukata, kuma ɗan ƙauyen da ke kusa da gonar, mai iyali, wanda shi ma yana da ɗan fangalinsa a wurin. Wanda ke da shuka a fadama ba ya tashi ya tafi Legas tsakiyar rani.

Kada ka ba mutane ɗaiɗai jinga. Masu dashe ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da shugabanta. Da shi za ka yi ciniki, shi zai kawo hannu, in wani bai zo ba shi zai cike. Kafin ciniki ku auna filin tare da igiya. Hekta mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kuma mafi yawan rigimar jinga daga nan take tasowa, kai ka ce hekta ɗaya, su ce ta fi.

Wurin da ake cutar mai gona ba tare da ya sani ba shi ne tazarar dashe. Mai jinga sauri yake so, saurin kuwa a faɗaɗa tazara yake. Shinkafa irin Faro 44 ana dasa ta santimita 20 tsakanin gindi da gindi, tsiro biyu ko uku a kowane gindi. Samo sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya, ka ɗaure su kusurwa huɗu, ka jefa a wurare biyar cikin gonar, har da tsakiya inda ba a gani daga kan kunya. Gindi 25 ya kamata ka ƙirga a ciki. In sun buɗa zuwa santimita 25, gindi 16 za ka samu. In sun kai 30, wajen 11. Daga bakin gona duka kore za ka gani, sai ranar auna buhu za ka san bambanci. Ka ba su igiyar dashe mai ƙulli a kowane santimita 20, kuma ka nuna wa shugaban sandunan nan tun ranar ciniki, ya san da su za a karɓi aiki. Ka duba zurfi ma. Tsiron da aka cusa ya wuce gaɓar yatsa ɗaya yana jinkirin kamawa, ba ya yin 'ya'ya da yawa. Biya kashi biyu cikin uku a ranar da aka gama, sauran bayan kwana bakwai in an cike guraben da ba su kama ba.

Sannan kada ka zuba irin hekta ukun rana ɗaya. Iri yana son dashe yana da kamar kwana 21, in ya tsufa a gado amfani ya ragu. In duka ya isa lokaci guda, za ka nemi hannu da yawa a satin da kowa a fadama ke nema, su kuma su tafi ga wanda ya fi tsada. Sa kwana bakwai tsakanin hekta da hekta, ƙungiya ɗaya ta yi maka duka. Illarsa ɗaya, wadda ta nuna a ƙarshe ita tsuntsayen jan-baki ke taruwa a kai, sai ka ƙara masu kora.

Maganar yaran zamani kuwa, akwai ta. Da can yaro yana fita gandu da asuba ba a tashe shi ba. Yanzu sai an bi shi da kira.

Ɗan Jega:

Baba Na-Augie, Allah ya ƙara girma, bayanin dashe ya yi. Amma kan gandu a bar ni in ce wani abu. Yaron gandu ba don Allah kawai yake fita da asuba ba. Maigida ne ke ciyar da shi, ya yi masa kayan Sallah, ya biya masa haraji, ya ba shi gayauna ya noma nasa da yamma, in lokaci ya yi ya yi masa aure. Baran gida ma haka, ya san bayan shekaru akwai sallama. Aikin yana da inda ya nufa. Yanzu an cire duk wannan, an bar fitar asubar kawai, sannan a ce yaro ya lalace.

Matashin da kuke cewa ba ya son wahala shi ne ke wuni cikin ramin zinare a yankin Anka da Bukkuyum da Yauri, shi ke dako a kasuwar Jega, shi ke tura baro a Legas. Duk waɗannan sun fi ban ruwa wahala, wasu ma da haɗarin rai. Abin da suka fi gona da shi guda ne, kuɗi a hannu kafin magariba. Mai kabu-kabu ma haka.

Alhaji, in ka ce wa mutum sai an sayar da shinkafa za a biya shi, ka mayar da shi mai ba ka bashi na wata huɗu. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Kuɗin da aka yanka a Janairu ba shi ne zai karɓa a Mayu ba, ko da adadin bai canza ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mashin zuwa gona da dawowa kaɗai yana cin wani yanki na ladan yini, kuma masu gona da yawa ba su sa shi a lissafi.

Ga abin da ke riƙe matashi. Biya duk sati a rana tsayayya, gara jajibirin kasuwar garinsu, ta asusun waya in ba ka nan, ya ji ƙarar shigar kuɗi ba sai ya kira ka sau uku ba. Abincin rana a gona. Takalmin roba, don wuni cikin ruwan fadama ba takalmi yana kawo tsargiya da cin ruwa a ƙafa. Sannan ka yanka masa fangali biyu ko uku nasa na kansa, a shayar da su da injinka. Daga ranar ba sai ka tambaya ko an yi ban ruwa ba.

Makaniken Bunza:

Ni kan inji zan yi magana, don a nan kuɗi ke zurarewa, kuma sau da yawa ba sata ba ce, rashin koyarwa ne. Ana miƙa wa yaro inji ba a nuna masa komai ba, ya lalace a ce ganganci.

Abu uku ke kashe ƙaramin injin nan mai inci uku. Na farko tayar da shi ba a cika tukunyar famfon da ruwa ba. Minti kaɗan sil, wato abin da ke hana famfon yoyo, ya ƙone, ya fara yoyo, ya daina ja. Na biyu baƙin mai. Ɗan kaɗan injin yake ɗauka, bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.6, shi ya sa in ya ragu kaɗan ma illa ce. A duba shi kowace safiya inji na zaune a daidai, a canza bayan awa 20 na farko in sabo ne, daga nan duk awa 100. Na uku iska a mesar shiga. In ɗaurin bakin ya saki, inji zai yi ta kuka yana shan fetur, ruwa na fita tsiri-tsiri. Robar tayar mashin da aka yanka ta isa ɗaure shi.

Game da fetur, kada ka yi zargi, auna. Cika tanki, tayar da inji awa ɗaya cif a kan rijiyarka, ka sake cikawa da kwalba mai awo. Abin da ya shiga shi ne cinsa na awa. Ka tsaya a shayar da hekta ɗaya a gabanka ka ga awa nawa ta ɗauka. Yanzu ka san man kowane zagaye, ka ƙara kaɗan don ranar zafi. Ba da man sati, ba na wata ba. In lissafi ya fara kaucewa, duba inji kafin ka duba mutum, don matatar iska da ta toshe da ƙurar hunturu tana ƙara shan mai. In inji lafiya yake, tono ƙasa a fangalin ƙarshe, wanda ya fi nisa da rijiya. Mai rage awa nan yake bari.

Mai Fadama, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura biyu. Kafin alƙalami a daina bayarwa ne gaba ɗaya? Kuma in inji ya ƙone a hannun mutum, ya halatta in cire a ladansa?

Ɗan Gwandu:

Alhaji, hana kafin alƙalami gaba ɗaya ba zai yiwu ba, mutum zai zo da rashin lafiyar ɗa ko haihuwa. Iyakance shi. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta hana a ba ma'aikaci abin da ya wuce ladan wata guda tun kafin ya yi aikin. A gona gara kada ya wuce na sati biyu, kuma ba a makon farko ba. A bayar gaban wanda ya tsaya masa, mahaifi ko yaya ko mai unguwa, mutumin da za ka iya zuwa ƙofar gidansa. Sai ka ji daga bakinsa cewa ya tsaya, ba saƙo ba. In hatsi ake bukata, ba da hatsi.

Cire kuɗi a lada kuwa, yi hattara. A fiƙihun Malikiyya wanda ka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. Inji ya tsufa ya mutu, ba ruwansa. An nuna masa ya cika ruwa kafin tayarwa, ya ƙi, wannan sakaci ne. Ka ga ke nan sai an koya masa gaban shaida kafin a iya cewa ya saɓa. Dokar ƙasa ita ma ba ta bar maigida ya yanke wa kansa hukunci ya zaftare lada ba. A aikace, a kai maganar gaban wanda ya tsaya masa, a daidaita, a biya kaɗan-kaɗan.

Rubuta yarjejeniya, ko da rabin shafi ne, da boko ko ajami. Aikin da zai yi, ladan, ranar biya, wanda ke sayen mai da abinci, fangalin da aka ba shi, da sanarwar sati guda ga duk wanda zai bari. Kowa ya riƙe kwafi. In za ka haɗa da kaso, kada ladan ya zama kaso zalla, ambaliya ko tsuntsu na iya barin mutum hannu wofi bayan wata huɗu. Lada sananne duk sati, sannan tukuicin buhu a kan abin da ya haura adadin da kuka yanka.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda Kebbi ta kai 75,000 ga ma'aikatanta, bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai kuma shafi jinga da aikin gona na lokaci ba. Amma kowane matashi ya san adadin, da shi yake auna tayinka.

Hajiya Mai Shanshera, Yauri:

Kun yi ta maganar maza kun manta ranar girbi, alhali nan ne Alhaji ba zai aika kowa ba. Ɗauki hutu a ofis. Yanka ake yi in kashi 80 zuwa 85 na zangarniya ya yi ruwan kara, in aka ƙara sati tana zuba a ƙasa, don haka a kama masu yanka tun tana fitar da kai, ba ranar da ta nuna ba.

Kada a biya masu bugu da girman fili, a biya su da buhun da ya fita. In da fili ne, bugu biyu kawai za su yi wa dami a kan ganga su jefar, tsaba ta tafi cikin kara, masu kala su zo su kwashe da yamma. Ɗauki dami daga tarin da aka gama, ka murza da hannu a kan tamfol, za ka gani. Buhunan wofi a sa musu lamba da fenti kafin su bar gida, a ƙirga da dare, cike da wofi su haɗa adadi.

Shiƙa kuma bar wa mata. Suna da shugabarsu su ma, suna zuwa a kan lokaci, da kwano ake biyansu a wurin. A yanka yawan kwanon kowane buhu tun da safe, kuma a yi awon da kwano ɗaya, naka, ba wanda aka zo da shi ba.