Giyar Yamaha R6 ta maƙale a ta uku bayan babur ya faɗi

Mai_R6:
Assalamu alaikum. R6 ce ƙirar 2008. Ta zame daga jak ta faɗi ta hagu, a tsaye take, ba gudu ake ba. Tun daga nan fedar giya ta yi tauri, yanzu kuma ta tsaya a ta uku, ba sama ba ƙasa. Inji na tashi lafiya, kulochi na kamawa. Wani ya ce sai an tsaga inji. Haka ne, ko akwai abin dubawa kafin nan?

Bakaniken_Fawa:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka yarda a taɓa inji tukuna, kuma ka daina taka fedar da ƙarfi. Dukan feda ne ke lanƙwasa cokulan da ke tura giya a ciki, daga nan ƙaramin aiki ya koma babba.

Fara da inji a kashe. Ɗaga tayar baya, ka riƙa juya ta gaba da baya da hannu, ɗaya hannun na danna fedar a hankali. Haƙoran da ke gefen giyoyin babur ba sa shiga raminsu sai abin na juyawa, shi ya sa ko lafiyayyen babur kan ƙi sauya giya a tsaye.

In ta ƙi, raba waje da ciki. Tsakanin feda da inji akwai siririn rodi mai ƙwallo a kowane baki. Kwance shi, amma ka lura, noti ɗaya zarensa na hagu ne, in ka juya shi yadda ka saba ƙara ɗaure shi kake yi. Motsa fedar ita kaɗai. In tana cijewa, to gindinta ya lanƙwashe ko ƙasa ta cushe shi, wankewa da giris ne maganinta. Sai ka kama ɗan hannun da ke kan shaf ɗin giya, wato ƙarfen da ya fito daga inji, ka motsa shi kana juya taya. In giya ta sauya a haka, matsalarka a waje take: rodi ya lanƙwashe yana gogar wani abu, ko ƙwallon ya mutu. Sa alama da maka kafin ka zare hannun daga shaf, don ya koma kan haƙorinsa.

Dan_Tudu:
Ƙari kan bayanin Oga: duba sakin hannun kulochi. A R6 milimita 10 zuwa 15 ake so a ƙarshen hannun. In ya wuce haka farantan kulochi ba sa rabuwa sosai, giya ta yi tauri. Sai dai wannan ba ya kulle giya gaba ɗaya, kuma faɗuwar hagu ta fi nuna shaf.

Mai_R6:
Na gode. Na cire rodin, fedar na yawo sumul. Shaf ɗin ne da kyar yake motsi, in na tura shi kuma ba ya dawowa tsakiya.

Bakaniken_Fawa:
To magana ta fito. Abu biyu ke hana shi dawowa. In sifirin ɗin da ke mayar da shi ya karye, za ka ji shi sakwaf ba nauyi. Naka tauri ya yi, don haka lanƙwashewa ya yi yana cije ramin da yake bi. Kalli bakinsa ta sama da ta gefe, ka duba ko mai na tsatsowa ta sil ɗin.

Ba sai an sauke inji ba. Shaf ɗin ya ratsa inji ne daga hagu zuwa dama, kansa na bayan kwandon kulochi, wato gidan da farantan ke zama a ciki. Juye mai, buɗe murfin dama, cire faranti ka jera su yadda suka fito, sannan babban noti da kwandon. Wannan noti yana son abin riƙe kwando na musamman. Masu cusa sukundireba su tokare shi su ne ke fasa kwandon, kuma kuɗinsa ya fi na shaf nesa ba kusa ba.

Wurin zarewa ake ɓarna. Lanƙwasasshen baki ba zai bi ramin ba, in ka buga shi da guduma zai ci alminiyon jikin inji. Yanke bakin da ya lanƙwashe ta hagu, goge kaifin da fayil, sauran ya zare ta dama salin alin. Sabo za a sa, wanda aka miƙar ba ya daɗewa.

Tun da ka buɗe, duba ƙarfe mai siffar tauraro da ke kan gangar giya, wato gangar da ke motsa cokulan, ko notinsa ya saki, da ɗan hannu mai taya da ke danne shi da sifirin ɗinsa. Juya gangar da hannu, wani na juya taya. In giya shida da firi duk sun shiga, ciki lafiya lau. In gangar ta ƙi juyawa alhali shaf na waje, nan ne kawai za a yi maganar tsaga inji.

Dan_Tudu:
Wurin haɗawa a sa sabon gasket da sabon sil. Mai 10W-40 na babur mai alamar JASO MA, lita 2.4, ko 2.6 in an sauya filta. Kar a zuba na mota, yana sa kulochi santsi. A gwada giyoyin duka a kan jak kafin a rufe murfin.