Neman shawara: ƙaramin kilinik ɗin haƙoran yara gare ni a Damagaram, wane shiri zan fara yi ma ranar tsautsayi?

Likitar haƙori:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Ni likitar haƙori ce a nan Damagaram, ina da ɗan kilinik a gidan haya, kujerar aiki ɗaya, ɗakin jira, sai wani lungu da muke dafa kayan aiki. Mu ukku ne, ni da yarinyar da ke kama mani aiki da mai gadi. Galibin masu zuwa yara ne 'yan shekara 3 zuwa 14 haka, wasu har daga Mirriya da Matamaye ake kawo su. Abin da ke hana ni barci shi ne in wani abu ya faru yaro na bisa kujera baki buɗe, ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ina tsakiyar cire haƙori, ko gobara, ko ruwa ya shigo, ko shi yaron kanshi ya shiɗe mani. Kowa ya tuna 2023 da aka yanke layin kuran daga Najeriya yadda aiki ya tsaya cak, ga kuma damanar 2024 da har tsohon masallacin Birni wanda aka gina tun wajen 1850 ya faɗi, to ina ga namu ginin na haya. Na ɗan tara kuɗi amma ba za su isa komi da komi ba. Maigida ya ce panno na sola da batir zan fara sa, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah masu sani ku taimaka, me zan fara da shi?

Mai aikin sola:
Wa alaikumus salam Dokta. Ni dai Alhaji maigidanki ya yi gaskiya, aikinki duk na kuran ne, fitila, injin iska, na'urar zuƙe yawu. Amma kar ki ce za ki ɗora komi bisa batir, injin iska da tukunyar dafa kaya suna jan wuta sosai, su ki bar ma gurub, wato janareta. Batir ya riƙe fitila da na'urar zuƙa da fanka kawai, wannan ba zai ci kuɗi can ba.

Baba Majo mai ritaya:
'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi ma aikin albarka. Malam mai sola ka yi haƙuri zan saɓa maka kaɗan. In kuran ya ɗauke aiki ne ya tsaya, ki sa kompares, ɗan ƙyallen tsaida jini, yaro ya cije, ki kunna tocila ta goshi ki ƙarasa ko ki ɗage zuwa gobe, ba wanda ya mutu. Amma yaron da numfashi ya sarƙe ma minti kaɗan gare ki, ba zai jira anbilans ba balle panno. Don haka kuɗin farko akwatin gaggawa za su, kuma shi ne ma mafi arha a cikin duk abin da kika lissafa.

Abin da za ki sa ciki: adirenalin mai 1 mg cikin 1 ml da sirinji 'yar ƙarama ta 1 ml, Ventoline na shaƙa don asma, diyazefam na jijjiga, sukari, balan ɗin hura numfashi da abin rufe fuska na yara girma biyu ko ukku don na manya ba ya kama fuskar yaro iska ta gefe take fita, sai butel ɗin oksijan in hali ya yi. In kin ba yaro magani ko allura kika ga jiki ya yi borin jini, leɓe da ido sun kumbura, murya ta shaƙe yana ja da ƙyar ko ya yi laushi, kar ki tsaya neman jijiya, adirenalin a naman cinya ta gefen waje. Ƙasa da shekara 6 ki ba 0,15 ml, daga 6 zuwa 12 ki ba 0,3 ml, sama da 12 ki ba 0,5 ml, in minti 5 ya wuce ba sauƙi ki ƙara. Ki rubuta wannan da manyan baƙi ki manna a murfin akwatin, don wallahi ranar da abin ya zo hannu rawa yake kai ba ya lissafi. Ko ya farfaɗo ya fara wasa sai an kai shi babban asibiti an sa mai ido, abin yakan dawo bayan awoyi.

Jijjiga kuwa a garinmu ba baƙuwa ba ce, ga zazzaɓin sauro ga farfaɗiya. Ki fidda duk abin da ke bakinshi, ki kwantar da shi ta gefe, ki duba agogo. Uwar za ta taso da cokali ko ta sa yatsa, ki hana ta da lallashi, ba a sa komi a baki. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba diyazefam ta dubura, 0,5 mg a kowane kilo, kar ya wuce 10 mg, ki sa ido ga numfashi. Mai asma kuma in ba ki da abin shaƙa na kanti, gorar roba ta rabin lita ki huda gindinta ki sa bakin Ventoline, tana aiki.

Kuma abin da ya fi akwatin, yarinyarki da mai gadi su san aikinsu tun yau. Ke kina kan yaro ba ki ɗaga ba, ita ta kawo akwati, shi ya kira waya ya tare abin hawa. Ku riƙa gwadawa wata-wata bayan an tashi aiki, da 'yar tsana ko filo, har ya zama ba sai an yi magana ba.

Likitar haƙori:
Baba na gode Allah ya ƙara girma. Adirenalin ina da shi, amma balan na yara da oksijan babu. Tambayata ɗaya, zafin nan na watan 4 da na 5 da ake wuce digiri 40, ba ya lalata adirenalin ɗin a cikin akwati?

Mai farmasi:
Yana lalatawa Hajiya. Ƙasa da digiri 25 ake so a aje shi kuma cikin kwalinshi don haske ma na ɓata shi. Ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, nesa da taga da kwanon rufi, kar a bar shi cikin mota ko kusa da tukunyar dafa kaya. Duk farkon wata ki ɗaga anpul ɗin sama ki duba, ruwan fari ne tas, in ya koma ruwan hoda ko ƙasa-ƙasa ko kin ga gari a ciki ki yar ko da kwanan watanshi bai ƙare ba. Ni shawarata ki sayi kaɗan ki riƙa canzawa bayan kowace bazara, ba shi da tsada. Wani abu kuma, lokacin da aka rufe iyaka a 2023 mun ga yadda kaya suka yanke, to kartush, wato 'yan kwalaben allurar kashe zafi, safar hannu, kompares, jabel, ki riƙe na wata biyu ko ukku a aje, sabo ya shiga baya tsoho ya fito gaba.

Abokin aiki daga Maraɗi:
Dokta barka da aiki, duk abin da Baba ya faɗa haka ne, ni zan ƙara na ɓangarenmu. Yawancin tashin hankalin da ake samu da yaro a kujera daga hannunmu yake farawa shi ya sa sikeli ya fi mani komi a ɗakin jira. Lidokayin, allurar kashe zafin da muke yi, ga yaro iyaka 4,4 mg a kilo, kartush ɗaya na 2% mai 1,8 ml yana da 36 mg, yaro mai kilo 15 iyakarshi 66 mg, kin ga kartush biyu sun riga sun wuce. Yaro na kuka yana fizge-fizge mutum ya ɗauka allurar ce ba ta kama ba ya ƙara, alhali tsoro ne. Kuma yaran da ake kawo mana daga ƙauye da yawa nauyinsu bai kai shekarunsu ba, in kika ƙiyasta da ido za ki zarce.

Na biyu haƙorin da aka cire ko ƙaramin ƙarfe ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro. Ki shimfiɗa kompares a bayan baki kafin ki ja, ƙananan kaya ki ɗaure su da zare. In ya shaƙe yana tari da ƙarfi ki bar shi ya yi, in tarin ya ƙi fita ba sauti sai bugu 5 a tsakanin kafaɗu da matsa ciki 5, a yi ta juyawa. Wannan ko mai gadi ya kamata ya iya.

Tambayoyi kafin aiki ki yi su yadda iyaye za su gane. In kin ce yana da matsalar daskarewar jini za su ce a'a, amma ki ce ranar kaciya ko da wanzami ya cire beli jini ya daɗe bai tsaya ba? a nan za ki ji labari. Haka sikila, haka ko ya karya kumallo, don da yawa ana taso su tun asuba ciki ba komi sai su sulale a kujera. Kuma tunda mu ne ke leƙa baki kullum, bayan mashaƙon da ya ɓarke a jihar Damagaram a 2023 duk yaron da ya zo da zazzaɓi, wuya a kumbure, da wata fata toka-toka a maƙogwaro, ba aikin haƙori ranar, ki ware shi daga sauran yara ki tura shi asibiti.

Pompiye:
Hajiya ni tambaya zan yi, ƙofa nawa gare ki kuma ta ina take buɗewa? Gidajen haya da aka maida kilinik galibi ƙofa ɗaya ce, tagogi duk an walda masu ƙarfe. In wuta ta tashi a zaure ga uwaye da goyo ga yara, ina za su bi? Ki roƙi mai gidan a fasa ƙofa ta biyu ko a maida ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa, makulli a rataye kusa inda kowa ya sani. Ƙofar fita ta buɗe waje, kar a faka moto a gabanta. Gurub a waje a fili, hayaƙinshi ba ya wari sosai amma yana kashewa a ɗaki rufe, kar a zuba mai esansi yana aiki ko yana da zafi, bidon ɗin esansi kuma nesa da shi. Abin kashe wuta ki samu mai gari na kilo 6 a bakin ƙofa da ƙarami na CO2 a ɗakin aiki saboda na'urori, wutar kuran da ta esansi ba a zuba masu ruwa. In kin kawo oksijan ki ɗaure butel ɗin a bango, maiko da wuta kar su kusance shi. Lambarmu 18, mai gadi ya iya kwatancen gidan da kyau, kusa da wane masallaci ko wace lakwal. In an fito a taru wuri ɗaya a ƙidaya yara da littafin sunayen masu zuwa na ranar, don yaro in ya tsorata ba gudu yake ba, ɓuya yake ƙarƙashin benci ko bayan ƙofa.

Uwar 'yan biyu:
Ni ba ma'aikaciya ba ce amma Dokta ki ji ta bakin iyaye. Sau da yawa ba uwa ko uba ke kai yaro ba, kaka ce ko yayarshi 'yar shekara 15 ko maƙwabciya. In abu ya faru wa za ki kira? ki karɓi lamba biyu kafin ya hau kujera ki buga ki ji tana shiga. Kuma don Allah ku riƙa koya mana abin yi in yaro ya faɗi haƙori ya fita, mu dai jefawa muke bisa rufi.

Abokin aiki daga Maraɗi:
Hajiya in na nono ne ba a maida shi. In na dindindin ne ki kama shi ta kai ba ta saiwa ba, kar ki goge, ki sa cikin madara ki taho da gudu, in an maida shi cikin awa ɗaya ya fi kamawa.

Likitar haƙori:
Allah ya saka. Malam pompiye ƙofa ɗaya ce kuma ciki take buɗewa, gobe in sha Allahu zan ga mai gidan. Saura maganar ruwa, na sama da na pampo, don kun san halin garinmu, da rani sai mun sayi na 'yan garuwa, da damana kuma tsakar gidan tafki yake zama.

Baba Majo mai ritaya:
Na pampo tanki mai murfi wanda zai riƙe ki kwana ukku, da bokiti mai kan pampo na wankin hannu. Ruwan garuwa a wanke ƙasa da shi, wanda zai shiga bakin yaro a tafasa ko na gora. Ranar da ba kuran kokot, tukunyar nan mai murfin da ke riƙe tururi, bisa gaz tana dafa ƙarafan aiki, ki lissafa minti 30 daga sanda ta fara huci, a wanke kayan tas kafin su shiga. In ba ki da tabbacin kaya sun dahu ki rufe ranar, ba kunya a ciki.

Na sama kuma kafin watan 7 a hau rufi a duba, a yashe kwata, a ɗaga dakalin ƙofa. Injin iska da gurub a yi masu dandamali, magani da takardu su koma kantar sama. In ruwa ya fara shigowa a kashe babban makunnin kuran kafin kowa ya taka ruwan, kayan da suka jiƙe ko suna cikin leda a sake dafa su, ƙasa a wanke da jabel. In bango ya tsage ko yana jiƙewa daga ƙasa kar ki sa yara a ɗakin.

Mai aikin sola:
Na yarda da Baba, akwati da ƙofa su fara. Amma Dokta ki bar ko ɗan abu ne ma ƙaramin batir na na'urar zuƙa, in jini da yawu sun taru a bakin yaro cikin duhu tocila kaɗai ba ta isa. Rajistanki ma ki riƙa ɗaukar hotonshi a waya duk ƙarshen mako ki tura inda ba zai ɓace ba, ki sa ma wayar makulli don sirrin mutane ne.

Likitar haƙori:
To na tsara haka: balan da abin fuska na yara da sikeli wannan makon, ƙofa da abin kashe wuta ƙarshen wata, ƙaramin batir bayansu, panno sai shekara mai zuwa, zan yi ma Alhaji bayani. Baba ko za ka samu lokaci ranar Asabar bayan la'asar ka zo ka gwada mana mu ukku?

Baba Majo mai ritaya:
Zan zo in Allah ya kai mu 'yata. Ki ce ma mai gadi ya zo da mai adaidaitar da kuka fi sabawa da shi, shi ma ya san hanyar irjans, wato sashen gaggawa na babban asibiti, da wadda zai bi in ruwa ya tare ta farko. Ki turo mani kwatance ta waya.