Ɗan kwaɗon da ke cikin busassun ganyen kurmi: wa ya taɓa haɗuwa da shi?

Ɗan Gembu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shiga kurmi a tsaunin Mambila, musamman Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa, ina son jin abin da kuka sani game da wani ɗan mitsitsin kwaɗo. Tsawonsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kalar busasshen ganye, kuma nesa da rafi nake samunsa. Me kwaɗo yake yi a inda babu ruwa?

Mai Zuma: Wa alaikumus salam. Na san shi sarai. Idan muna zagayen amya da sassafe a damina, sai ka taka ganye ka ga abu ya yi tsalle sau biyu ya ɓace. Ko idonka yana kansa, da zarar ya lafe shi ke nan, sai ka tsuguna ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya. Wanda na kama yana da zane mai duhu a gadon baya, faɗi sama da ƙasa, tsuke a tsakiya kamar kalangu. Kukansa siriri ne, yawancin mutane ɗauka suke gyare ne.

Malamar Kimiyya: Ɗan Gembu, bayanin Mai Zuma ya yi daidai da dangin da masana ke kira Arthroleptis. Na riƙe su a hannu lokacin da muka je aikin fili muna ɗalibai. Ku duba ƙafafun baya, babu fatar nan da ke haɗe yatsun kwaɗin ruwa, don shi ba iyo ne sana'arsa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun namiji: yatsa na uku dogo ne zalalo, har ka zaci nakasa ce. Na mace bai kai wannan tsawon ba.

Amsar tambayarka kuma tana wajen haihuwa. Macen ba ta zuba ƙwai a kududdufi. A cikin ƙasa mai laima take ajiye su ƙarƙashin ganye, 'yan kaɗan ne amma manya idan aka kwatanta da jikinta. Ɗan yana gama rikiɗarsa a cikin ƙwan, bayan 'yan makonni ya fito da ƙafafunsa huɗu. Ba ya taɓa zama talibambam.

Baban Nguroje: Malama, anya kuwa? Na tsufa a kan tsaunin nan, ban taɓa jin kwaɗon da bai bi ta ruwa ba.

Malamar Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, haka abin yake. Raɓa da hazon kurmi da laimar ganye su ne ruwansa. Fatarsa sirirya ce, yana shan ruwa ta cikinta, yana ma numfashi da ita, shi ya sa bushewa ke kashe shi da wuri.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu ma muna da su a nan Gana. Na yi aikin gonar koko a yammacin ƙasar, inda ganye ke taruwa jibgi a gindin itatuwa. Lokacin fasa koko idan muka ɗaga ɓawon da ya kwana biyu, sai ka ga 'yan ƙananansu, wasu ba su kai farce ba, suna farautar tururuwa da gara. A gonar da aka share ƙasa ƙal aka yi feshi kuwa, da wuya ka ga ko ɗaya. Akwai wani babba a danginsu da aka bayyana wa duniya a 2008, aka sa masa sunan tsaunukan Krokosua inda aka fara samunsa. Wannan ban taɓa katarin ganinsa ba.

Mai Zuma: Maganar share ƙasa ta tuna mini. A bakin kurmi inda wutar rani ke lasowa duk shekara, ko inda shanu suka tattake hanyar zuwa ruwa, ƙasa takan yi tauri, ganye ya ƙare, ba na jin kukansu. Ka ƙara taku kaɗan ciki inda inuwa ta rufe, sai ka fara ji. Ban cika jinsu a gonakin itacen turare ba ma, duk da inuwar da ke wurin.

Baban Nguroje: To ai makiyayi ma ba da gayya yake yi ba, sabuwar ciyawa yake nema. Amma gaskiya ne, wasu ƙananan kurmin bakin rafi da na sani ina yaro yanzu fili ne.

Ɗan Gembu: Na gode ƙwarai. Malama, idan ina son ɗaukar hotonsa fa?

Malamar Kimiyya: Ka je a damina bayan an yi ruwa an ɗauke, da magariba, da tocila da takalmi mai rufi saboda macizai. Ka tsaya cik ka bi sautin, kada ka yi ta tona ganye. In za ka taɓa shi ka jiƙa hannu, kada ya zama akwai mai ko turare a jikinka, ka mayar da shi inda ka ɗauke shi. Ngel Nyaki gandun daji ne na gwamnati, don haka ka fara neman izinin masu kula da shi.